Magen da Ta Hana Tela Taka Keke

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gwiwa, ya ɗinki, ya Baba mai aski da surutunsa? Ni dai na iso lafiya, sai gajiyar hanya da ta ƙi sakina.

Makarantar ta kwana ce, kuma nisanta ya wuce yadda aka faɗa mana. Ɗakin da aka ba ni a gidan malamai da kaɗan ya fi teburin yankanka: gado, kujera, da taga mai kallon filin wasa. Yaran sun riga sun raɗa mini Malama Ƙarama, wai don wasu daga cikinsu sun fi ni tsawo. Waya ba ta kamawa sai an hau bayan tankin ruwa, kai kuma ko ta kama cewa kake ba ka jin komai sai ƙugi, shi ya sa na koma takarda. Direban da ke kawo mana kayan abinci ya ce ta gaban shagonka yake wucewa, ya yarda ya riƙa kai maka ya kuma karɓo mini.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ya Toka? Na san ka ce ba abin da ya haɗa ka da mage, kuma don an hana ajiye dabba a nan ne kawai ka karɓe ta kana haɗe rai. Amma kai ka raine ni tun ina rarrafe a ƙarƙashin teburin nan, rainon mage ba zai gagare ka ba. Ka riƙa cire mata ƙayar kifi. Kar ka ba ta ruwa a gwangwanin man keke. Ka share allurai da fil ɗin da kake zubarwa a ƙasa, kar ta taka. Kuma don Allah tana da suna, ka daina ce mata "ke".

Ina kewarku ku duka biyun, ba zan faɗi wanda na fi kewa ba.

Taka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Mai aski yana gaishe ki, har yanzu bai kai ƙarshen labarin da ya fara ranar da kika tafi ba.

Na ga wasiƙarki. Layi ɗaya na gaisuwata, sauran duk na mage. Ba komai.

Bari in ba ki labarin amanar da kika bar mini. Da farko mun zauna lafiya, don ba ta kula ni ba na kula ta. Takan haye saman kabad ɗin yadudduka ta riƙa yi mini kallon hadarin kaji, in na ajiye abinci sai na juya baya take saukowa. Na ce madalla, irin zaman da nake so ke nan.

Sai kwanan nan ban san abin da ya shiga kanta ba. Kin san ba na taka keke da takalmi, tun ina yaron shago haka na saba. To da na cire takalmi na ɗora ƙafa kan feda, sai ta diro ta zo ta yi ɗare-ɗare a kan ƙafata ta dama. Ta shinshina, ta lasa, ta kwanta tana wani gurnani kamar ƙaramin inji. In ture ta, ta dawo. In ɗaga ta in kai ta bakin ƙofa, kafin in zauna ta riga ni. Jiya wani ya zo karɓar wandonsa yana tsaye yana duba agogo, ni kuma ina kokawa da mage a ƙarƙashin keke. Mutumin nan sai da ya tambaye ni wai wane ne mai shagon a cikinmu.

Ba shi ke nan ba. Shagon ya fara wani wari-wari da ban san shi da shi ba. Na wanke ƙasa da sabulu, na kwashe kwandon ƙyallaye na zazzage, na leƙa bayan kabad ko ta ja ɓera ta ɓoye, ban ga komai ba, kuma warin yana nan. Shekarun da na yi a shagon nan ƙamshin sabon yadi da na guga aka san shi da su. Takalmina na dama ma ya fara matse ni, na san nauyinta ne ya kumbura mini ƙafar, silifa nake ja yanzu.

Don haka na kai ta wurin mai aski. Yana da ɓeraye, ga shi yana neman wanda zai saurare shi bai katse shi ba. Kar ki damu, ni nake aika mata kifin, kuma ina cire ƙayar.

Ki riƙa cin abinci. Ki tsaya a kan kujera in za ki yi wa dogayen faɗa.

Kawunki

*

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Direba yana tsaye yana jirana, don haka ba zan ja ba.

Wallahi raina ya ɓaci. Toka ce mai wari? Toka da take wanka fiye da wasu mutanen da na sani, tun safe tana lasar jikinta har rana ta faɗi? A ɗakina take kwana tun tana 'yar mitsitsiya, ban taɓa jin ko ɗuriyar wari ba. Ka duba magudanar bayan shago, ka san halinta in ta toshe.

Kuma duk duniya ka rasa inda za ka kai ta sai shagon aski, inda gashi ke tashi, ga reza ko'ina, ga mutane suna shige da fice? Baiwar Allah ta ga ba ni, ta zo ta raɓe ka don kai kaɗai ta sani, kai kuma ka ɗauke ta ka bayar kamar tsohon ƙyalle. Da ta yi maka nisa ka ce girman kai, da ta matso ka ce ta hana ka aiki. To ya kake so ta yi?

In ba za ka iya ba ka faɗa mini kai tsaye, in nemi wanda zai riƙe mini ita har hutu. Ban zaci abin da na fi so zai zame maka kaya haka ba.

Auta

*

Kawuna,

Ka ajiye waccan wasiƙar, wannan za ka karanta, kuma ka karanta ta a zaune.

Bayan motar ta tafi, washegari ina cikin aji yara suna rubutu, na ciro takardarka daga jaka don in ƙara jin haushi. Sai idona ya faɗa kan layin takalmi. Ranar farko tsallake shi na yi, don idona ya rufe da maganar wari. Gabana ya faɗi har wata yarinya ta tambaye ni ko lafiya.

Kawu, ƙafa biyu kake ɗorawa kan feda. Me ya sa ta dama kaɗai take hawa? Kuma Toka nawa take da za ta kumbura ƙafar babban mutum?

Ka tuna lokacin da haƙorina ya yi ruwa? Kafin in ji ciwo, kafin kuncina ya tashi, Toka ta bar ƙasan gado inda ta saba ta koma kwana a kan matashina, ta manna jikinta da kuncina na hagu. Kai da kanka ka yi ta tsokanata wai na samu ɗankunne mai gashi. Da aka cire haƙorin ta koma wurinta kamar ba ita ba. A lokacin dariya muka yi, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Na je wurin nas ɗin makaranta na karanta mata abin da ka rubuta. Ba ta yi dariyar magen ba, amma ba ita ta dame ta ba. Ta ce ƙafa ɗaya ta kumbura, ga wari, ga mutum bai ce yana jin ciwo ba, wannan ba abin zama ba ne, a je asibiti.

Na san za ka ce kana wanke ƙafarka kullum. Na kuma san rabonka da ganin tafinta da idonka tun kafin tumbi ya shiga tsakaninku, ga gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Ka sa wani ya duba maka, yau ba gobe ba. Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka duba.

Takardar nan za ta zauna a hannuna har motar ta dawo, kuma hakan yana cina.

Taka,
Auta

*

Malama,

Na ga saƙonki, na gode. Ina lafiya. Ashe an girma har ana koya wa Kawu yadda ake riƙon amana. Magudanar bayan shago kuwa na duba, a bushe take.

Ki kwantar da hankalinki, ba sai kin nemi kowa ba. Magenki ta sallami mai aski da kanta. Ya rufe ta a shagonsa, ta fita ta taga ta dawo wurina. Ya rufe tagar, ta jira wani ya buɗe ƙofa ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, saura kaɗan mai aski ya kwashe wa mutumin da ke kan kujera rabin gira. Ya kawo mini kwanonta ya ce shi da ita sun rabu lafiya. Na kife ta da kwando, ta yi ta kuka har masu wucewa suna leƙowa. Na gaji na buɗe. Yanzu haka da nake rubutun nan tana kan ƙafar, ta yi bake-bake.

Na koyi taka keke da ƙafar hagu kaɗai. Ɗinkin yana tafiya a hankali, ga shi na karɓi labulen wani sabon gida, ɗaki-ɗaki, kuma na yi alkawari. Da yamma nakan ji ɗan zazzaɓi, gajiya ce, ina shan magani. Ƙafar da take kwanciya a kai kuwa ko kaɗan ba ta ciwo. Shekaranjiya almakashi ya suɓuce ya faɗo mata, ban ma sani ba sai da na gan shi a ƙasa. Ƙafar tela ke nan, ta sha feda ta yi kanta.

Abin da kika fi so yana nan lafiya, yana ci yana ƙoshi. Ni ma da ba a tambaya ba ina nan.

Kawunki

*

Kawu,

Direba ya miƙo mini takardarka ya karɓi tawa ta maganar ƙafa ya tafi, sai bayan ya wuce na buɗe. Almakashi ya faɗo maka ba ka ji ba, kuma kana faɗa kamar abin alfahari!

Tun ranar motar ba ta sake zuwa ba. An ce ta lalace a hanya, ba wanda ya san ko ta isa. Na hau bayan tanki na kira wayarka har hannuna ya gaji, a kashe take, na san tana cikin gwangwanin maɓallai. Na roƙi shugabar makaranta ta bar ni in zo, ta ce sai an gama jarrabawa. Wannan ta hannun mahaifin wata ɗaliba na ba da ita.

Kai ne abin da na fi so, kai ma ka sani. Don Allah ka je asibiti, ka kuma rubuto ko layi ɗaya ne.

Auta

*

Zuwa ga 'yata Malama Auta,

Sallama da gaisuwa. Ni ne mai aski, maƙwabcin Kawunki. Ki fara da yin hamdala, yana nan da ransa da bakinsa, har ya yi wa nas biyu gyaran yadda ake naɗa bandeji. Shi ya ce in rubuto miki, don an sa masa ƙarin ruwa a hannun da yake rubutu. Ya ce in taƙaita. Zan yi iya ƙoƙarina.

Motar Direba ta mutu a hanya, takardarki ta yi ta kwana a cikinta tare da buhunan albasa. Da ya ga gyaran ya ƙi ƙarewa, bawan Allah ya hau babur ya kawo ta da kansa, ya ce yadda kika damƙa masa ita ya san ba ta gaisuwa ba ce. Allah ya yi masa albarka.

Ina zaune a shagon Tela lokacin. Ya buɗe ya fara karanta mini da ƙarfi don mu yi dariya, wai yanzu mage ce za ta tura shi asibiti. Ya kai wurin takalmi ya yi tsaki. Ya kai wurin haƙori sai muryarsa ta ragu, ya ƙarasa a zuci. Ya dubi magen, ita ma ta ɗago ta dube shi. Ya ce shi ya san abin da ke tafin ƙafarsa, kanta ce, yana jin ta da hannu kullum in yana wankewa, tun yana saurayi take nan.

Ban ce masa komai ba, wanda kin san ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Na tsallaka shagona na ɗauko ƙaramin madubin da nake nuna wa mutane ƙeyarsu bayan aski. Na ɗaga ƙafar na ɗora kan kujera, na kara madubin. Ni na fara gani, kuma ba zan kwatanta miki ba. Tsakiyar kantar ta buɗe ta yi ruwa, gefenta ya yi baƙi. Warin da ya yi ta wanke ƙasa saboda shi, a jikinsa yake yawo. Tela ya kalli madubin ya daɗe, sannan ya ce, "Rufe mini shagon."

A asibiti sun ciro guntun allurar keke, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Likita ta ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinsa bai sani ba, shi ya kashe masa jin ƙafar, ya taka allura ya yi ta yawo da ita. Ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da ba maganar wanke ciwo ake ba. Ba zan ɓoye miki ba, ta ce har yanzu ba a tsallake haɗari ba. In ciwon ya haɗe, shi ke nan. In ya ƙi, za a cire gaban ƙafar.

Da ya farfaɗo daga allurar barci na matsa kusa ina jiran ya gode mini. Abin da ya fara cewa shi ne wa ke ba Toka abinci. Da sunanta ya kira ta, na ji da kunnena, ki ajiye wannan don gaba. Tana nan a ƙofar shago ta kwanta kan silifarsa, ta ƙi kowa. Ni nake kai mata kifi, kuma an ja mini kunne a kan ƙaya.

Takardarki ta hannun mahaifin ɗaliba ma ta iso, na kai masa. Ya karanta ya juya fuska bango, ya ce fankar ɗakin ce ke sa masa ruwan ido.

Babanki,
Mai aski

*

Kawuna,

Alhamdu lillahi. Na karanta wasiƙar Baba mai aski a tsaye a bakin mota, na yi kuka na yi dariya, har Direba ya rasa ko jaje zai yi mini ko barka. Na ba shi duk biskit ɗin da na ɓoye. Yara sun ga idona sun taru, na ba su labari, yanzu duk makarantar ta san Toka. Wata ta ce in an yi hutu za ta kawo kakarta a gwada ta.

Ka yafe mini waccan takardar. Kana faɗa mini ƙafarka ta kumbura, ni ina can ina kare mutuncin mage.

Yanzu ga dokokina, tunda ka ce na girma. Ka sha magani yadda aka ce. Kar ka taka ƙasa ba takalmi. Labule ya jira, masu gidan su rataya zani. Baba mai aski ya riƙa kara maka madubin nan kullum.

Kuma a kowace wasiƙa ka gaya mini abu biyu: me likita ta ce, kuma ina Toka take kwanciya. Ka gaishe ta. Ka ce mata na ji an fara kiran ta da sunanta.

Taka,
Auta

*

Auta,

Na dawo gida, da sauƙi. Ba abin yafewa, ni ma na rubuta abin da na rubuta. Maganar suna kuwa mai aski ne ya ƙara gishiri, maganin barci ne bai sake ni ba.

An raba ni da sukari. Shayin da nake sha yanzu ruwan zafi ne mai launi. An ba ni wani takalmi mai faɗi kamar kwale-kwale, an ce in riƙa ɗaga ƙafar kan matashi. Ina zama a shago don kar kaɗaici ya kashe ni, ina sa maɓalli da hannu, keke kuma yana rufe da ƙyalle yana kallona.

Labari ya zaga layinmu, mai aski bai bar kowa ba. Yanzu ba wanda ke ce wa Toka mage, sai Likita. Mai gyaran rediyo ya zo ya kwanta rub da ciki a gabanta wai bayansa ke ciwo, ta tsallake shi ta wuce. Matar mai burodi ta miƙa mata gwiwar hannu, ta shinshina ta yi atishawa, matar ta tafi hankali a tashe. Na ce musu ba ta duba na waje, likitar gida ce.

Ga amsar tambayoyinki. Likitar asibiti ta ce ciwon ya yi tsabta amma bai fara haɗewa yadda take so ba, suga ne ke ja masa baya. Ta ba ni lokaci, in na koma za ta yanke shawara. Toka kuma tana inda kika sani. Ba ta hawa kan bandejin, sai ta kwanta a gefensa ta ɗora haɓa a idon sawuna. Ko bayan gida na shiga tana bakin ƙofa.

Auta, ina jin tsoro, ban faɗa wa kowa ba sai ke. Da ƙafar nan na ciyar da ke, da ita na ɗinka miki kayan makaranta tun daga na farko. Ban san abin da zan zama ba in ba na taka keke. Kowace safiya in na buɗe ido na gan ta a wurin, sai in ji daɗin ba ni kaɗai ba ne, sai kuma gabana ya faɗi, don na san abin da zamanta yake nufi.

Ki yi mini addu'a, ki sa dogayen ma su yi.

Kawunki

*

Kawuna,

Muna yi, safe da yamma, har da nas da mai dafa abinci. An kusa gama jarrabawa, ina gama duba takardun yara zan taho, ko a bayan buhunan Direba ne.

Ko me likita ta yanke, kai ne Kawuna, kuma hannunka da idonka da bakin nan naka ba inda za su. Amma jikina yana ba ni alheri. Ka ci gaba da shan ruwan zafinka mai launi, kar in ji an ga cokali ya shiga gwangwanin sukari.

Taka,
Auta

*

Autata,

Sallama. Ki nemi wuri ki zauna, amma wannan karon ba don tsoro ba.

Ana gobe zan koma asibiti na farka da safe na ji ƙafata sakayau. Na duba, ba Toka. Na kira, shiru. Na ɗauki sanda na bi ɗaki da tsakar gida, na buɗe shago ina ta kiran sunanta, har mai aski ya fito da kumfa a hannu. Can muka hango ta a kan taga, ta miƙe a rana ta baje ciki, tana kallon tsuntsaye. Na ce mata ta sauko. Ta motsa kunne ɗaya, shi ke nan.

Ba zan yi miki ƙarya ba, haushi na fara ji. Na ce wato yau da na fi bukatarta, gobe za a yanke mini hukunci, yau ta ga damar yin watsi da ni. Ina cikin mita sai na ga mai aski ya dafe bango yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Tela, ba ka gane ba? An sallame ka!"

Ban yarda ba. Na ce ba zan ɗora raina kan barcin mage ba, ranar ko abincin kirki ban ci ba. Washegari likita ta warware bandejin, ta danna nan ta danna can, ta kira wata ta zo ta gani. Ta ce nama ya taso, bakin ciwon ya haɗe, ba abin da za a cire. Na sa ta maimaita, na ce kunnena ba shi da kyau. Mai aski ya kasa haƙuri ya ba ta labarin taga tun daga farko. Ta yi dariya ta ce ita ba a koya mata wannan ba, amma tana gaida abokiyar aikinta, ni kuma in ci gaba da magani da takalmi har ƙarshen rayuwata. Na ce na ji na karɓa.

Ta ce in fara taka keke kaɗan-kaɗan. Na yaye ƙyallen, na zuba mai, na ɗora ƙafa biyu, da takalmi kamar ɗan koyo. Da ƙarar nan ta tashi, mai gyaran rediyo ya leƙo ya ɗaga mini hannu, matar mai burodi ta aiko da burodi, sannan ta aiko a karɓe wai ta tuna an hana ni. Ki taho da duk abin da ya yage miki, hannuna ƙaiƙayi yake.

Saura abu ɗaya, kuma kar ya wuce tsakaninmu. Ƙafar ta saba da ɗumin nan, sai nake jin wurin wayam. Jiya da rana da na ga ba kowa a layi, na ce bari in gwada Toka. Na tashi na yi ɗingishi na ƙarya a gabanta, na dafe kujera, na zube a kan tabarma na riƙe ƙafa ina nishi, da furfurata da komai. Ta sauko daga taga a hankali. Ta zo ta shinshina ƙafar sau ɗaya, ta ɗago ta kalle ni, ta yi hamma, ta tsallake ni ta tafi wurin kwanonta.

Auta, tunda aka haife ni ba a taɓa yi mini wulaƙancin da ya yi mini daɗi irin wannan ba.

Sai kin zo. Mu biyu muna jiranki, ko da yake ɗayanmu ba za ta nuna ba.

Kawunki